Shanyewar Ɓarin Jiki: Ko Mutum Ya Kan Komo?

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda da wuya a sami ekklesiyar da bai taɓa shiga ba, watau shanyewar ɓarin jiki. Waɗansu su kan ce da shi mutuwar ɓarin jiki. Ku karanta a hankali, in da hali ku karanta tare a taron tsakiyar mako, gama abin da ke ciki zai iya shafar gidan kowannenmu.

A ekklesiyar da na fara aiki akwai wani dattijo manomi, ƙaƙƙarfan mutum. Wata rana da asuba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai ta suɓuce daga hannunsa na dama. Matarsa ta ga bakinsa ya karkace. Ya yi mata magana, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Aka kwana uku ana shawara. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu ne sabo da wata gardamar gona, sa'an nan aka kai shi asibiti. Da ya komo gida muka nuna masa ƙauna iyakar saninmu. Ana ba shi abinci a baki, ana sa masa riga, in ya buɗe baki yana neman kalma sai wani ya yi sauri ya ƙarasa masa. Ni kaina na ce wa 'ya'yansa, "Kada ku bar Baba ya wahala da kome." Bayan shekara guda hannun ya ƙandare, yatsun sun dunƙule, shi kuma ya daina ƙoƙarin magana. Sai daga baya, da na karanta abin da likitoci suka gano, na san shawarar da na bayar ba daidai ba ce. Shi ya sa na rubuta wannan darasi.

1. Abin da ke faruwa cikin kai

Ko da ya ke a hannu da ƙafa a ke ganin ciwon, asalinsa a ƙwaƙwalwa ya ke. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyi wajen biliyan 86, tana kuwa cin kusan ɗaya cikin biyar na ƙarfin da jiki ya ke samu daga abinci. Jini ne ya ke kai mata wannan abinci ta jijiyoyi. Ku duba lambun rani: in kwarin da ke kai ruwa ga wani fangali ya toshe, fangalin nan ya kan bushe, sauran kuwa suna nan kore. In kwarin ya fashe, ruwa ya kan kwashe shuka. Haka ciwon nan ya ke, iri biyu ne. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuwa jijiya ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa.

Kowane sashi na ƙwaƙwalwa da aikinsa. Gefen hagu shi ke sarrafa dama ta jiki, gefen dama kuma shi ke sarrafa hagu. A shekara ta 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majiyyaci a birnin Faris wanda ya ke gane magana amma ba ya iya faɗin kome sai gaɓa ɗaya tak. Da mutumin ya rasu aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka tarar wani wuri a gefen hagu ya lalace. Tun daga nan aka fara sanin cewa ga yawancin mutane wurin magana a hagu ya ke. Dalili ke nan da ya sa dattijon nan ya rasa hannun dama da magana tare.

Me ya ke kawo shi? A shekara ta 2018 aka buga wani babban bincike da aka yi a asibitoci 15 na Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, a ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan. An gwada majiyyata 2,118 da masu lafiya 2,118 tsaransu. Aka tarar hawan jini shi ne babban dalili, ya fi sauran duka nesa ba kusa ba. Cikin sauran akwai ciwon sukari, da yawan kitse cikin jini, da yawan gishiri, da shan taba, da rashin motsa jiki. Masu cin ɗanyen ganye da miyar ganye kullum ba su cika kamuwa kamar sauran ba. Kusan ɗaya cikin uku na majiyyatan nan fashewar jijiya ce ta same su, matsakaicin shekarunsu kuwa 59 ne, watau mutane masu sauran aiki da iyali a wuyansu. Hawan jini ya kan daɗe a jiki ba tare da mutum ya ji kome ba. Awo kaɗai ke nuna shi.

2. Sa'o'in farko

Alamun su ne waɗannan, kuma farat ɗaya su kan zo: baki ya karkace, hannu ko ƙafa na gefe ɗaya ya yi nauyi, magana ta harɗe ko ta ɓace. Wani ya kan rasa gani, wani ya ji ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba. Wani likitan Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a shekara ta 2006, ya ce in babbar jijiya ta toshe, mutum ya kan yi hasarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 kowane minti ɗaya har a buɗe ta. To, ku auna kwana ukun da muka ɓatar muna shawara.

Akwai allurar da ke narkar da gudan jini. An tabbatar da amfaninta a 1995, a 2008 kuma aka nuna tana aiki har awa huɗu da rabi daga farawar ciwon. Ba kowane asibiti ya ke da ita ba. Duk da haka a gaggauta, gama akwai abubuwa da yawa da a ke yi a asibiti don ceton rai. Sai an ɗauki hoton cikin kai za a san ko toshewa ce ko fashewa, maganin da ke taimakon ɗaya kuwa zai iya kashe mai ɗayan. Sabo da haka kada a ba shi asfirin a gida. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo, domin ciwon ya kan taɓa haɗiya, abin ya bi ta huhu ya zama wani ciwon dabam. A kwantar da shi a gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya.

3. Hanyar da a ke bi ita ce ke buɗewa

A dā likitoci suna tsammani ƙwaƙwalwar babban mutum ta riga ta ƙame, abin da ya lalace ya lalace ke nan. Gaskiya ne ƙwayoyin da suka mutu ba su komowa. Amma yanzu an san waɗanda suka ragu suna iya ƙulla sababbin hanyoyi tsakaninsu, su ɗauki wani abu daga aikin waɗanda suka mutu. In ambaliya ta cinye gadar da ke tsakanin ƙauye da kasuwa, mutane su kan nemi mashigi a wani wuri. Ran farko ciyawa ce da ƙaya. In ana bi kullum sai ta zama turba. In ba mai bi, jeji ya kan rufe ta.

A shekara ta 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, da abokan aikinsa suka gwada wannan da ƙananan birai. An ɓata ɗan wuri a sashin ƙwaƙwalwa mai sarrafa hannu. Biran da aka ƙyale haka nan, sai yankin hannu cikin ƙwaƙwalwarsu ya ƙara raguwa, har wuraren da ciwon bai taɓa ba. Waɗanda aka sa su riƙa ciro 'yan ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka da hannun nan mai ciwo, kullum kullum, yankin bai ragu ba, ga waɗansu ma har ya faɗaɗa.

Wani masanin kuma, Edward Taub, ya bayyana abin da ya kira koyon rashin amfani da gaɓa. Ga yadda abin ya ke. A makonnin farko majiyyaci ya gwada ɗaukan moɗa da hannu mai ciwo, ruwa ya zube, ya ji kunya. Ya gwada da mai lafiya, ya yi daidai. Kwana kaɗan sai ya saba. Bayan wata biyu ko uku ƙarfi ya fara komowa hannun, amma shi ya riga ya koyi barinsa. A shekara ta 2006 aka buga sakamakon gwajin da aka yi da mutum 222 a Amurka, waɗanda ciwon ya same su wata 3 zuwa 9 da suka wuce. Aka sa wa kimanin rabinsu safa mai kauri a hannu mai lafiya kusan dukan yini har kwana 14, ana sa su aiki da hannu mai ciwo har awa shida a ranakun aiki. Hannuwansu suka fi na sauran kyautatuwa, bayan shekara guda ma amfanin yana nan. Amma ku lura, waɗanda aka zaɓa su ne masu iya ɗan motsa wuyan hannu da yatsu. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaure hannun majiyyaci a gida ba da shawarar likita ba, balle wanda ke dogara sanda.

Abin da za mu riƙe shi ne yawan maimaitawa. A 2009 aka bi ma'aikatan gashi da motsa jiki a asibitocin Amurka da Kanada ana ƙirgawa, aka tarar a zama ɗaya majiyyaci ya kan yi aikin hannu kamar sau 32 kaɗai. Dabbobin da ƙwaƙwalwarsu ta sake a gwaji kuwa sau ɗaruruwa su ke yi a rana. Zaman asibiti kaɗai ba ya isa, tilas a ci gaba a gida.

4. Yaushe, kuma nawa?

Wani zai ce, to, sai mu tā da shi tun ran farko mu matsa masa. A'a, an gwada haka. A 2015 aka buga binciken da likitocin Ostareliya suka shugabanta a ƙasashe biyar, da majiyyata 2,104. Waɗanda aka tā da su daga gado cikin awa 24 na farko, aka yawaita musu motsi, 46 cikin 100 ne suka sami sauƙi sosai bayan wata uku. Waɗanda aka bi da su a hankali kuwa, 50 cikin 100. Watau gaggawa da yawa a ranar farko ɓarna ce. Kwanakin farko na likita ne, shi zai faɗi lokacin tashi.

Watannin da ke biye su ne damina. A 2021 likitoci a birnin Washinton suka raba mutum 72 kashi huɗu. Kashi uku an ƙara musu awa 20 na aikin hannu: na ɗaya cikin watan farko, na biyu tsakanin kwana 60 da 90, na uku bayan wata shida. Kashi na huɗu ba a ƙara musu kome ba. Bayan shekara guda, na kwana 60 zuwa 90 su ne suka fi amfana, na watan farko suna biye, na bayan wata shida kuwa ba su bambanta sosai da na huɗu ba. Mutanen ba su da yawa, sabo da haka ba a gama magana ba. Amma ya yi daidai da abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa yawancin warkewa cikin wata uku zuwa shida na farko ta ke zuwa. Abin tausayi, daidai lokacin nan ne mu kan gaji da jigilar asibiti, kuɗi ya ƙare, masu gaisuwa su ragu.

Wanda ya makara fa? Ƙofa ba ta rufe ba, sai dai aikin ya ƙaru. A wani asibiti a Landan, bisa ga rahoton 2019, an ba mutum 224 aikin hannu na awa 90 cikin mako uku. Rabinsu sun kai shekara ɗaya da rabi ko fiye da ciwon. Duk da haka hannuwansu suka kyautatu, suka ci gaba da kyautatuwa bayan sun koma gida. Noman rani ma a kan ci, amma sai da ban ruwa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ba na so in yi muku alkawarin ƙarya. Ba kowa ne ya ke komowa kamar dā ba. Girman wurin da ya lalace, da shekarun mutum, da sauran cututtukansa, duk suna da hannu a ciki. Amma wanda ya iya kai loma bakinsa da kansa, ya iya zagayawa bayan gida da sanda, ya sami babban abu, iyalinsa ma sun samu.

5. Magana, tunani da zuciya

Wanda maganarsa ta ɓace bai haukace ba, bai kuma koma yaro ba. Sau da yawa ya san abin da ya ke so ya faɗa, kalmar ce ta ƙi fitowa. Wani kuma gane maganar mutane ce ta yi masa wuya. A ƙasar Jamus, a 2017, an gwada mutane fiye da 150 waɗanda suka yi wata shida ko fiye da wannan wahala. An koya musu magana aƙalla awa goma a mako har mako uku, maganarsu ta yau da kullum ta ƙaru, bayan wata shida ma ba ta koma baya ba.

Akwai waɗansu alamu da mu kan yi wa mummunar fassara. Wanda ciwon ya taɓa masa gefen dama na ƙwaƙwalwa ya kan manta da duk abin da ke hagunsa. Ya ci tuwon da ke dama cikin kwano ya bar na hagu, ko ya aske rabin gemunsa. Wani ya kan fashe da kuka ko dariya ba dalili. Wani ya manta abin da aka gaya masa ɗazu, ko hankalinsa ya kasa tsayawa a kan abu ɗaya. Duk waɗannan daga raunin ƙwaƙwalwa su ke, kada a ce aljanu ne ko taurin kai. Har wa yau, wajen ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo su kan faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, su ƙi abinci, su ƙi motsa jiki. Wannan ma ciwo ne mai magani, a gaya wa likita.

Ga wani abin da zai faranta ran mawaƙanmu. Likitoci sun daɗe da lura cewa waɗansu da ba su iya furta kalma suna iya rera waƙar da suka sani tun suna yara, har tun 1973 a ke amfani da rerawa wajen koya musu magana. A 2008 kuma, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, aka raba majiyyata 60 kashi uku. Waɗansu suna sauraron waƙoƙin da su da kansu suka zaɓa kamar awa ɗaya kullum har wata biyu, waɗansu suna sauraron karatun littattafai, waɗansu ba a ba su kome ba. Masu waƙa suka fi sauran tuna magana da tsai da hankali, baƙin cikinsu kuma bai kai na waɗanda ba a ba su kome ba.

6. Aikin iyali da na ekklesiya

Ma'aikatan gashi da masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasarmu, sabo da haka nauyi ya kan faɗo kan iyali. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa iyali kaɗai sun isa. A ƙasar Indiya, a 2017, an gwada mutum 1,250 a asibitoci 14. An ba iyalan rabinsu ɗan gajeren koyo domin su yi aikin a gida. Bayan wata shida ba a ga bambanci ba, a kowane kashi 47 cikin 100 sun rasu ko suna dogara ga wani. Aikin da suka yi a gida kamar rabin awa ne a rana. Darasin shi ne a riƙa komawa wurin ma'aikaci domin ya duba ya ƙara aikin, a gida kuma a yawaita. Ga abin da za mu iya yi:

(a) Abin da majiyyaci zai iya yi, ko da a hankali ne, a bar shi ya yi. Ya ɗebi tuwo, ya sa maɓallin riga, ya ɓare gyaɗa, ya tsince wake daga faifai. A tsaya kusa domin kada ya faɗi.

(b) In yana neman kalma a jira shi. A yi masa magana gajeriya, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, ba da tsawa ba, gama shi ba kurma ba ne. Kada a yi hirarsa a gabansa sai ka ce ba ya nan.

(c) Kada a ja shi ta hannu mai ciwo, domin kafaɗa ta kan goce. Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu, don gudun gyambon kwanciya.

(d) Ya sha maganin hawan jini kullum, ko da ya ji sauƙi, gama ciwon ya kan komo. A rage gishiri, a yawaita zogale da alayyafo da rama.

(e) Dattawa su tsara masu ziyara har wata shida, kada kowa ya zo a makon farko sa'an nan gida ya yi tsit. Zumuntar mata su riƙa karɓar mai jiyya domin ta huta. Matasa su taimaka da gona da abin hawa zuwa asibiti. Mawaƙa su je su rera waƙoƙin da ya ke so, su bar shi ya bi su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka.

(f) Kowane babba ya auna jininsa. Ekklesiya tana iya sayen abin awo guda, ta roƙi wani ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan'uwa ya riƙa auna mutane bayan sujada sau ɗaya a wata.

Dattijon nan ya rasu bayan shekara huɗu. Zuwana na ƙarshe da na same shi a zaune, na fara wata tsohuwar waƙa ba da wani nufi ba, sai na ji yana bi na, kalmomi suna fita sarai daga bakin da muka ce ya mutu. Da mun san abin da ke cikin darasin nan, da tun watan farko muka fara.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu uku ne ke nuna a gaggauta kai mutum asibiti?
2. Don me ba za a ba shi magani ko ruwa a gida ba?
3. Mene ne koyon rashin amfani da gaɓa? Ta yaya tausayinmu zai iya ƙara shi?
4. Waɗanne watanni ne suka fi dacewa da aikin motsa jiki? Wanda ya makara ya fid da zuciya ke nan?
5. Wa ke kwance da wannan ciwo a ekklesiyarku yau, wa kuma zai je wurinsa cikin makon nan?